Daga Gbazango zuwa cikin gari a jirgin ƙasa: yadda nake yi

Tun 2016 nake zaune a Kubwa, ta wajen Gbazango, a wani ciki da falo da na kama haya shekarar da na yi aure. Wurin aikina kuwa tsakiyar birnin Abuja, inda nake riƙe wa wani ɗan kamfani lissafi. Duk wanda ya yi irin wannan zama ya san yadda babban titin Kubwa yake da bakwai na safiyar Litinin. Motocin Suleja da na Zuba da na Bwari da namu duk su haɗu, titi mai faɗin gaske ya cika maƙil, ku huɗu a baya biyu a gaba, gwiwar hannun wani na sokin ka a haƙarƙari tun daga kwanar Dutse har Berger. Na yi shekaru ina shan wannan ban kuka ba. Abin da ya sa na ɗaga hannu shi ne kuɗin mota, bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta haura naira 500 kusan dare ɗaya, direbobi kuma suka ninka nasu.

Jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja yana nan tun kafin haka. Ina gari lokacin da Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 12 ga Yulin 2018, amma mu na wannan ɓangaren ba mu ci moriyarsa ba a lokacin. Korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ciyawa ta rufe dogo, muna wucewa muna kallon tashar Gbazango kamar gidan da mai shi ya yi balaguro bai bar sallahu ba. Sai ranar 29 ga Mayun 2024 Tinubu ya sake buɗe shi, aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar. Daga nan na fara hawa. Yanzu duk wanda ya ji ana maganar jirgi a majalisarmu ta bayan isha'i sai a ce masa, "Tambayi wancan, shi ne ɗan jirgi." Amsar da nake ba su ce na tattara a nan.

Kafin komai, ka san yadda layin ya kwanta, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. Tashoshi 12 ne a kan dogo mai tsawon kusan kilomita 45, kamfanin CCECC na China ne ya gina. Layi biyu ne. Na farko ya taso daga tashar Metro a tsakiyar birni, ya bi ta Stadium, Kukwaba ta ɗaya da ta biyu, Wupa, Idu, Bassanjiwa, ya tuƙe a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Na biyu shi ne namu: daga Idu, sai Gwagwa, Dei-Dei, Kagini, sai Gbazango, ƙarshen hanya. Ka lura, Idu ce mahaɗa. Ma'ana jirginmu ba ya bin gefen babban titi ya shiga gari kai tsaye. Zagaye yake yi, ya gangara Idu tukun, sannan ka juya ka nufi cikin gari.

Saboda haka ka fara tambayar kanka: ina nake sauka kullum? In a sakatariyar gwamnatin tarayya kake aiki, ko wani wuri a tsakiyar birni, ko masana'antun Idu, ko filin jirgi, ko kana da shago a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, to jirgin naka ne. In kuwa Gwarimpa ko Maitama ko Wuse 2 ka nufa, gaskiya kar na yaudare ka, dogon bai bi ta can ba. Za ka yi zagayen banza, ka sauka ka sake neman mota ka komo baya. Maƙwabcina tela ne a Gwarimpa, ya gwada kwana biyu don ya ji kyauta ne, rana ta uku na gan shi a bakin titi yana tare mota. Na ce, "Maigida, yau ba jirgi?" Ya ce, "Bar ni, malam. Kyautar da za ta sa in buɗe shago da hantsi ai ta fi ƙarfina."

To, in ka ga hanyarka ce, kada ka fara ranar aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu ranar da kake hutu amma jirgi na aiki, ka fita daga gida daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka yi tafiyar tun daga ƙofar gida har ƙofar ofis, kana duba agogo. Abu huɗu za ka rubuta: minti nawa daga gida zuwa tasha, minti nawa a cikin jirgi zuwa Idu, jiran nawa a Idu, sai minti nawa daga tashar da ka sauka zuwa wurin aiki. Na uku da na huɗu su ne masu cin mutum, kuma su ne ba wanda ke lissafawa.

Jadawalin tashi kuwa, kar ka karɓe shi daga bakin kowa, har da ni. Wannan ba irin jirgin da muke gani a talabijin ba ne, wanda wani na tafiya wani na zuwa. Sawu ƙalilan yake yi a rana, in ka rasa na safe ka rasa ke nan, wanda zai biyo baya ba zai kai ka aiki a kan lokaci ba. Kuma lokutan sukan canja. Abin da nake yi shi ne in tambayi ma'aikatan tasha da bakina, in ga jadawalin da idona in ɗauki hotonsa a waya, in kuma sake tambaya duk ranar Juma'a da yamma ko akwai wani sauyi a mako mai zuwa. Ranakun ƙarshen mako da na hutun gwamnati, ka yi tambaya ta musamman a kansu. Haka ma kuɗin shiga. An fara da kyauta, amma kyautar gwamnati ba gadon gidanku ba ce, ka riƙa tafiya da canji a aljihu. Ko ba don tikiti ba, akwai ranar da za ka buƙaci kuɗin mota na gaggawa. Ni ina da wata 'yar naira da nake naɗewa a bayan katin shaidata, ba na taɓa ta ko don ƙosai.

Akwai kuma zauren WhatsApp da mu masu hawa kullum muka buɗe a tsakaninmu. Ka nemi irinsa, ko ka haɗa naka da mutum biyar-shida da kuke haɗuwa kowace safiya. Wanda ya riga isa ya rubuta "yana nan" ko "shiru har yanzu". Kalma biyun nan sun sha cetona daga biyan ɗan acaɓa a banza.

Yanzu sai zuwa tasha daga gida, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Kubwa ba ƙaramin gari ba ne. Asali an tanade ta ne don sake tsugunar da mutanen da aka tayar daga inda aka gina birnin, galibinsu Gbagyi. Da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, ma'aikata suka kwararo, aka yi ta yanka filaye ana gina rukunin gidaje. Rusau na zamanin El-Rufai, lokacin yana ministan Abuja, ya ƙara turo wasu. Yau ga Phase 2, ga Phase 3, ga Phase 4, ga PW, ga Byazhin, ga Arab Road, gari ya yi ta miƙewa har ya hau duwatsu. Tasha kuwa guda ɗaya ce ta wannan jirgi, tana gefe guda. Wanda ke Gbazango zai iya takawa. Wanda ke Phase 4 ko ta wajen Dutse sai ya hau wani abu, wani lokaci ma abu biyu, kuma kuɗin nan in ka tara shi a wata yana iya cinye ribar da kake ganin ka ci.

Dabarata ita ce in yi ɗan acaɓa guda ɗaya na dindindin. Nawa wani yaro ne ɗan wajen Zamfara, muna sallar asuba a masallaci ɗaya. Mun yi ciniki na mako, ina biyan sa ranar Juma'a. Ba ya tambayata inda za ni, ina fitowa zai ce, "Yallaɓai, mun makara fa yau," ko da kuwa ba mu makara ba. Amfanin wannan yana fitowa ne da damina, ranar da aka wayi gari da marka-marka, 'yan acaɓa suka ɓuya a rumfuna, wanda ya fito kuma ya ninka kuɗi. Ranar nan naka ne kawai zai zo. In kuma sabon ɗan acaɓa ka tare, kar ka ce masa "tashar jirgi" ka yi shiru. Tashoshin jirgin ƙasa biyu ne a Kubwa: akwai ta jirgin Kaduna, akwai ta jirgin cikin gari. Yawancinsu in suka ji "jirgi" ta Kaduna suke nufa, don ita suka fi sabawa da kai mutane. Ka ce masa ta Gbazango, ta jirgin cikin gari, ka kuma sa ido a hanya.

Ka isa da sauran aƙalla minti goma sha biyar. Ana duba jaka a ƙofa, in mutane sun yi yawa layi kan ɗan ja. Kuma in ka yi sammako wani a tafe ya kwana: duk yadda na kai ga fitowa da wuri, sai na tarar da wata baiwar Allah mai kular abinci biyu tana zaune, ta ɗora ƙafa a kan ɗaya. Abinci take kai wa ma'aikata a Idu. Ban taɓa riga ta ba. Da hunturu wurin akwai sanyi, fili ne, iska na kaɗawa daga duwatsu, hazo ya rufe dogo har ba ka ganin inda ya lanƙwasa, sai dai ka ji ƙugin inji kafin fitila ta ɓullo. Jirgin dizal ne, ba na lantarki ba, yana da 'yar gurnani. Ka zo da rigar sanyi, don cikin taragon ma akwai na'urar sanyaya wuri, kuma ba ruwanta da wane wata ake ciki.

Falalar zama a Gbazango ita ce nan ne farkon hanya, kai za ka zaɓi kujera. Mutanen Kagini da Dei-Dei da Gwagwa abin da ka rage suke samu. In za ka sauka a Idu ka canja, ka zauna kusa da ƙofa, kar ka shige can ƙurya don son taga. Ni dai na kasa bin wannan shawara tawa, taga nake zama. Ta nan nake ganin yadda gari ke cin daji. Inda na san gonar masara ce bara, bana an zuba bulo an kafa harsashi. Gidaje rabi da rabi, rodi a tsaye a saman rufin kankare yana jiran mai shi ya samu kuɗin hawa na biyu, tankin ruwa baƙi a kan kowane rufi. Can kuma ga wata tsohuwa Bagwariya da itace a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda suka gada, tana bin 'yar hanyar ƙafa tsakanin katanga da katanga, hanyar da nake zaton ta girmi duk katangun. Wajen Dei-Dei sai ka fara hango tulin katako da tireloli. Wani sa'in ka ga garken shanu a gefen dogo, yaron da ke kiwon su ya tsaya da sanda a wuya yana ɗaga wa jirgi hannu.

In tsoho ya shigo ko mace mai goyo, ka tashi. Ba doka ba ce, amma idon jama'a na kanka, kuma mutanen nan gobe ma da su za ka hau. Masu sauraron wa'azi ko waƙa a waya, don Allah a sa abin kunne. Alwala kuwa ka yi ta tun a gida.

Idu, nan ne wurin da ake faɗuwa jarrabawa. Kana sauka kada ka tsaya waya, kada ka bi ayarin mutane ido rufe. Jirgin da ya tsaya a layi na farko yana iya zama mai zuwa gari, yana iya zama mai zuwa filin jirgi, kuma kamarsu ɗaya. A makona na farko na ga mutane na rububin shiga wani, na bi su, na samu kujera har ina jin daɗi. Sai da na ga akwatuna masu taya sun yi yawa a taragon gabana ya faɗi. Na tambayi na kusa da ni, ya ce, "Ai filin jirgi za mu." A Bassanjiwa na sauka, na tsaya ni kaɗai da jakata kamar wanda aka yi wa korar kare. Ranar sai wajen sha ɗaya na shiga ofis. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne, tambaya ɗaya ce ban yi ba. Tun daga ranar, ko na tabbata, sai na ce wa ma'aikacin da ke tsaye, "Oga, Metro?" ya gyaɗa kai sannan in sa ƙafa.

Daga Idu zuwa Metro babu wani abin damuwa. Ka dai tuna cewa tashar Metro ba bakin ofishinka take ba. Tana kusa da dogayen benayen World Trade Centre, kuma tsakiyar Abuja an tsara ta ne don mai mota: tituna masu faɗi, gini nesa da gini, inuwa kaɗan. An hana acaɓa a cikin birni tun 2006, saboda haka ko ka taka ko ka hau tasi. Ni takawa nake yi, kusan minti ashirin, shi ya sa na ajiye takalmin ofis a ƙarƙashin tebur nake zuwa da na roba mai taushi. Laima ƙarama ba ta barin jakata, rana ko ruwa. In tasi za ka hau, ku haɗa kai ku uku ko huɗu daga cikin waɗanda kuka sauka tare ku ɗauki guda. Ya fi araha, kuma ya fi kwanciyar hankali a garin da kowa ya san labarin 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.

Komawa gida ita ce ta fi wuya, a nan ne mutane da yawa ke sarewa. Da safe kai ke da iko da lokacinka, da yamma kuwa maigidanka ne. Jirgin ƙarshe ba zai jira a gama taron da aka kira ƙarfe huɗu saura kwata ba. Abin da na yi shi ne na je na samu shugabana na faɗa masa gaskiya, na ce zan riƙa rigan kowa zuwa, a bar ni in riƙa tashi a kan kari. Ya yarda, ban da ƙarshen wata da muke rufe lissafi. Waɗannan kwanaki na riga na sallama su, mota nake bi. In naka maigidan ba mai jin wannan magana ba ne, ka yi rabi: jirgi da safe, mota da yamma. Ko hakan ka samu ka rage wani abu. Ka kuma lissafa la'asar, musamman lokacin da rana ke saurin faɗuwa. Gara ka yi ta kafin ka baro wurin aiki. Da azumi ina saka dabino da 'yar gorar ruwa a jaka, don an sha kiran magariba ina bayan ɗan acaɓa.

Masu zuwa Kaduna, ku ji wannan. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, daga Idu yake tashi ya tuƙe a Rigasa, amma yana tsayawa a Kubwa. Don haka mazaunin Kubwa ba shi da dalilin hawa jirgin cikin gari ya tafi Idu, sai dai in ya ga wani dalili nasa. Shi wancan tikitinsa daban, hukumarsa daban, ana saye ta intanet, kuma tun da aka dawo da shi a Disambar 2022 bayan harin watan Maris na shekarar ake neman lambar NIN, wato ta shaidar ɗan ƙasa. In baƙo zai zo maka daga Kaduna, ka ja masa kunne ya sauka a Kubwa. Ƙanina ya taɓa zuwa daga Zariya, barci ya kwashe shi, sai ga waya: "Yaya, ga ni a Idu, ina kake?" Da yake da rana ne kuma akwai sauran sawu, na ce ya tambayi inda ake hawan na Gbazango. Ya iso yana ta murna wai ya hau jirgi biyu a rana ɗaya. Da dare ne da sai na fita neman mota.

Filin jirgin sama kuwa, daga Gbazango sai Idu, ka canja zuwa wanda na hau bisa kuskure. Tashar tana jikin filin, da ƙafa za ka ƙarasa. Na raka surukata da shi lokacin da za ta Umara, muka tsira da kuɗin shatar mota. Amma mun fita da ratar awanni, kuma na riga na yi magana da wani mai mota ya zauna cikin shiri ko da wani abu zai gitta. In jirgin samanka na sassafe ne ko na tsakar dare, kar ma ka fara.

Saura maganar haya, tunda yanzu dillalai sun samu sabuwar waƙa. Kowane gida a wannan yanki "kusa da tasha" yake. Wani abokin aikina ya zo neman gida, dillali ya ɗauke mu a mota, minti biyar muka isa, ya ce, "Alhaji, ka gani ko? Jifa ɗaya." Na ce a ajiye motar mu koma da ƙafa. Sai ga wani kwari a tsakani, da rani busasshe, yara na ƙwallo a ciki, amma ga alamar inda ruwa ke kaiwa a jikin katangar da ke gefe, ya kusa ƙuguna, ga ledoji maƙale a reshen bishiya. Motar zagayawa ta yi ta kwalta, mai ƙafa kuwa ta nan zai bi. In kana duba gida don jirgi, ka taka da ƙafarka, ka tambayi mai shagon unguwar yadda hanyar take a watan Agusta, ka koma bayan magariba ka ga ko akwai haske da mutane a hanyar. Ka tambayi ruwa, rijiyar burtsatse ce ko sai 'yan garuwa, don kuɗin ruwa ma yana iya haɗiye abin da jirgi ya rage maka. Gidan da ya manne da dogo kuma ka tsaya ka ji ƙarar da kunnenka kafin ka biya, musamman in kana da jariri.

Abokin nawa bai kama wancan gidan ba. Ya samu wani a ɓangarenmu, ɗaki ɗaya ƙasa da yadda ya so, kuɗin kuma ya ɗan fi. Yanzu tare muke fitowa. Shi ma ya ƙi zama kusa da ƙofa, kullum muna rigimar wa zai samu taga.